Ƙurajen da Ba Za Su Zagaye Ka Ba

Ya hasken idona, inuwata da tsakar rana, ruwan farkon damina a busasshiyar zuciyata, Jibrilla mai taurin kai!

Ƙanwarka Lami ta iso Cadawa da saƙonka, wai in nemi wani miji, don ƙuraje masu zafin wuta sun fito maka daga baya zuwa ƙirji, kuma ranar da suka zagaye ka sai kabari. Wai har zare kake sawa kowace safiya kana auna abin da ya rage! Haba, masoyi! Kai da ka yi wata biyu kana yawo a ƙauyukan Gidan Rumji kana koya wa mutane jefa ƙuri'a, kai ne yau a maƙera, maƙeri yana fesa maka ruwa kamar wanda garwashi ya ƙona?

Na je gidan likita na tambaya. Majo, babban mai jinya, ya ce sunan ciwon zona. Ƙwayar ƙarambau ɗin da ka yi kana yaro ce ta kwanta a jijiya shekara da shekaru, gajiya ta tashe ta. Gefe ɗaya take bi, ba ta zagaye jiki. Babu jifa, babu aljani. Akwai zafi, na sani, kuma zafinka a ƙirjina yake kwana, amma ka je a wanke, a ba ka magani, ka bar shafa toka.

Ka tuna ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar mai ƙuli-ƙuli, ka rantse ko ƙasa ta tsage ba ka barina? Ƙasa ba ta tsage ba, ƙuraje ne, ka sallame ni ta bakin ƙanwarka! Wallahi na yi kuka, na yi fushi, fushin ya fi yawa. In ma mutuwar ce, wa ya ce maka gudu zan yi?

Saƙonka bai kai kunnen Baba ba, a ƙofa na tare Lami. Ɗaurin aurenmu yana nan bayan zaɓe. Ka zo da tabonka, haka nake son ka.

Taka, da lafiya da ciwo, har ranar da Allah da kansa ya raba,
Hasiya