Jikan Rinji da Baƙuwar Jami'ar Amurka

Gwaggo Khadijatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin bakina ya ja wa gidanmu abin da ba zan iya gyarawa ba. Na san halina, mutanen kasuwar Rano ma sun san shi, shi ya sa na zaɓi in rubuto miki ke da ba ki taɓa jin muryata ba.

Ni saurayi ne daga wani ƙauye a yankin Fammar ta Kibiya, amma a Rano nake wuni. Ina da laima da tebur da wayar salula, mutane su zo su buga waya su biya. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, shekarar da babanmu ya rasu. Sauran a ƙarƙashin laimar nan na yi shi, da tsofaffin jaridu da wani ƙamus da ba shi da bango. In sabis ya ɗauke, kin kuwa san yadda yake ɗaukewa, sai in buɗe littafi. Turancina na ido ne, in na furta yara dariya suke yi, amma a takarda muna fahimtar juna da shi.

Muna da sakandare ta al'umma tsakanin Rano da Kibiya, wadda mutane suka gina da kansu tun kafin a haife ni. Shugaban kwamitinta Alhaji Ramalan ne. Shi ne shugaba ina goye, shi ne shugaba lokacin soja. Da dimokuraɗiyya ta dawo aka ce a yi zaɓe, sai aka yi, ya ci, tunda shi kaɗai ya tsaya kuma a zaurensa aka ɗaga hannu. Ɗan ƙanensa, Dakta Mukhtar, yana koyarwa a wata jami'a a kudancin Amurka, irin waɗanda baƙar fata suka kafa wa kansu lokacin da Turawan can suka rufe musu ƙofar nasu. Dakta ya shawo kan shugabar jami'ar, mace ce, za ta zo bayan Sallah ta ga makarantarmu, ko a ƙulla zumunci su riƙa aiko mana da littattafai suna horar da malamanmu.

Dakta ya aiko da littafin tarihin jami'ar, da wani ƙarami na tsarin da suka yi wa shekarun da ke gabansu. Akwai masu digiri a kwamitin, amma kowa ya ce aiki ya yi masa yawa, ni kuwa lokaci shi ne kaɗai dukiyata. Sai Alhaji ya aiko a kira ni, ya ce in karanta, ranar taron tarbar shugabar in tashi in faɗa wa jama'a da Hausa ko su wane ne baƙinmu. Wato dai za a ba ni lasifika a gaban garin nan kaf.

Na karanta, Gwaggo. Bayi ne da aka 'yanta suka kafa jami'ar, a cikin wani tsohon ɗakin ajiye auduga. Matansu wankau suke yi suna sayar da ƙwai don a sayi alli. An taɓa cinna wa wurin wuta, suka sake tayarwa. Sun taɓa samun wani shugaba da ya daɗe a kujera har jami'ar ta kusa mutuwa a hannunsa, tun daga nan suka yanke wa shugabanci wa'adi, suka kuma ware kujeru a majalisarsu don ɗalibai da mutanen unguwa. Tsarinsu na gaba ya faɗi irin malaman da za su horar da irin binciken noman da za su yi, har da wanda za a tuhuma in ba a yi ba. Ɗakin audugar nan yana nan a tsakiyar jami'ar. Duk shekara ana kai sababbin ɗalibai gabansa, a karanto sunayen bayin nan ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu suna tsaye sun ci ado.

Na fara gwada bayanin a zauren Alhaji, gaban kwamiti. Da na zo wajen wanki da ƙwai sai Alhaji ya cire tabarau ya share hawaye da bakin babbar riga. Ya ce Allah Ya isa tsakaninsa da Turawa, ɗan Adam da darajarsa a mayar da shi kamar jaki. Aka miƙa masa hoton shugabar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan hancin ba na talaka ba ne, ko shakka babu kakanninta jinin sarautar ƙasar nan ne aka sace. Nan take aka raɗa mata suna Fatima, aka shiga gardamar kalar mayafin da za a saya mata. Ba wanda ya tambayi wa ya kai kakannin nata kasuwa.

Ga inda abin yake mini ciwo. Ƙauyenmu rinji ne, wato gandun da aka zaunar da bayi su yi wa iyayengijinsu noma. Mahaifin kakana bawan gidan su Alhaji Ramalan ne. Kowa ya sani, kuma ba mai faɗa. Ba sa ce mana bayi, Allah Ya kiyaye, mutane ne masu ladabi. Cewa suke "mutanenmu na gandu". In ana biki a gidansu, matanmu ne a gindin murhu, ba don an tilasta musu ba, haka dai aka taso aka gani. Ranar Sallah Innata takan je gaisuwa ta zauna a bakin ƙofa, ga tabarma a shimfiɗe ba kowa a kanta.

Kuma azuzuwan farko na makarantar nan, na ƙasa, kakana Alu ne ya jagoranci mazan rinjinmu suka buga tubalinsu, rani guda suna kwaɓa ƙasa, mata suna ɗebo ruwa daga rafi. A tarihin da kwamiti ya rubuta don baƙuwa, an faɗi wanda ya ba da fili, an faɗi wanda ya ba da kwanon rufi, har wanda ya yanka rago ranar buɗewa an faɗa. Mu kuma muna cikin jimla guda, wai "jama'a suka taimaka". Tsarinmu na gaba kuwa shafi ɗaya ne, rabinsa sunayen 'yan kwamiti, sauran rabin ƙofar shiga mai rubutu da motar bas, sai a ƙarshe aka ce insha Allahu wata rana za ta zama jami'a. Aikin farko a tsarin shi ne a rushe ginin ƙasan nan kafin baƙuwa ta iso, kada a ji kunya.

Wannan Alhajin fa shi ne ya je Kano ranar ƙaddamar da Shari'a ya dawo murya a dushe, yana gaya mana yanzu Musulmi duk ɗaya ne, ba wanda ya fi wani sai da tsoron Allah. Lokacin zaɓe ma yakan zo ƙauyenmu da ɗan takararsa ya kira mu 'yan uwa, domin ƙuri'ar ɗan rinji cikakkiya ce, ba a rage mata komai a akwati.

Abin da na ƙudurta shi ne, in na gama ba da tarihin jami'arsu, in juya in ce: Hajiya Fatima, ba sai kin yi nisa wajen neman danginki ba, ga mu nan a bayan rumfa muna riƙe da butoci. Ni jikan bawa ne, ga gidan da ya mallake mu a kujerar gaba, ga ginin da muka yi, in kin tarar da shi. Na haddace maganar har da Turanci.

Kuskuren da na yi shi ne gwadawa a gaban Inna. Ta ajiye tankaɗen da take yi ta dube ni. An sa ranar ƙanwata Saude da wani malamin firamare ɗan garin Durba da ke kusa da mu, Muhammad Sani, wata guda bayan taron, kuma danginsa masu bin asali ne. Inna ta ce in har na buɗe bakin nan, to in shiga cikin littafin nawa in nemo wa Saude wani mijin. Tun ranar ba ta sake tambayata ko na ci abinci ba.

Na san za ki ce in yi haƙuri. Haƙuri ai sana'ar gidanmu ce tun kafin zuwan Turawa, mun ƙware. Amma ki gaya mini, don me can suke karanta sunayen bayi da lasifika suna alfahari, mu nan sai a raɗa? Ba za a sake ba ni lasifika ba har in mutu. In faɗa, ko in haɗiye don auren Saude?

Ɗan Laima, daga Rano

AMSA

Ɗana, na canza sunaye da wasu wurare a wasiƙarka kafin a buga ta, domin ko da ka ɓoye sunanka, laima nawa ce a Rano mai ƙamus a ƙarƙashinta?

Ka yi gaskiya, kuma ba zan rage maka ita ba. Babu abin kunya a zama jikan bawa. In akwai kunya, tana kan wanda ya san addini ya hana raina mutum don asalinsa, amma ya bar tsohuwa a bakin ƙofa. Barin sunan kakanka a waje ba daidai ba ne, rushe gininsa kuma ya fi muni.

Sai dai ka koma littafin naka ka duba yadda aka fara karanta sunayen nan. Ina kyautata zaton zuri'ar ce da kanta ta kawo sunayen iyayenta, ba wani saurayi ne ya tashi a taro ya sanar a madadin kowa ba. Rinjinku ba gidanku kaɗai ba ne. Akwai wasu iyayen masu 'yan mata, kuma ba su wakilta ka ba. Baƙuwar ma ba alƙali ba ce. In taro ya watse da rigima za ta hau jirgi ta koma, zumuncin ya mutu, 'ya'yan Alhaji su ci gaba da karatunsu a Kano, yaran ƙauyenku su rasa littattafan. Shi kansa Alhaji, hawayensa ba lallai na ƙarya ba ne. Kukan zaluncin da aka yi a nesa ya fi sauƙin zuwa, haka yawancinmu muke. Kuma makarantar ba ta rufe ba a hannunsa duk tsawon shekarun nan, ka ba shi wannan.

Kana da waya, to yi amfani da ita. Kira Dakta Mukhtar ka gaya masa za a rushe ginin ƙasa. Shi ya san wadda zai kawo, ya san ba abin da za ta so gani kamar wannan ginin. Kwamiti zai bar shi don ya burge baƙuwa, ba don kakanka ba, kai kuma ka karɓa a haka, ginin dai ya tsaya. Sannan ka zaga wajen dattawan ƙauyenku ka tattaro sunayen duk waɗanda suka kwaɓa ƙasa da matan da suka ɗebo ruwa, ka nemi a sa su a tarihin a matsayin magina, ka kuma karanto su ranar taro. Wanda ya sani zai gane, Alhaji ma zai gane, ba kuma wanda zai ce ka zage shi. In ka zo wajen wa'adin shugabanci da kujerun mutanen unguwa, ka fassara shi yadda yake, a hankali, kada ka ƙara ko tari. Bayan taro ka nemi ƙauyenku ya samu kujera a kwamiti. Jawabi yini ɗaya ne, a kujerar ake yanke abin da zai faru da yaranku.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Na karanta wasiƙarka sau da yawa, na ji abin da Alhaji ya ce, na ji na Inna, na ji naka har da na Turanci. Ban ji abin da Saude ta ce ba. Kana fushi an rubuta tarihin makaranta ba a tambayi gidanku ba, ga shi kana shirin yanke wa ƙanwarka hukunci ba ka tambaye ta ba. Durba ba Amurka ba ce. Mutanen da ke bin asali ba sa sa rana sai sun bincika, mai yiwuwa sun sani sun kawar da kai, kuma abin da mutum ya kawar wa kai a ɗaki yakan kasa kawar masa in an faɗa a lasifika. In kuma ba su sani ba, gara Muhammad Sani ya ji daga bakin wani dattijon gidanku, a keɓe, kafin ɗaurin aure, don kada wata rana a jefe ta da shi a gidan miji. Amma wannan zaɓin Saude ne, ita za ta zauna a gidan.

Ka fara da ba Inna haƙuri, tsoronta ya girme ka. Daga nan ka rufe laima da wuri, ka je ka zauna da ƙanwarka, ka tambaye ta, ka kuma yi shiru har ta gama. Na san wannan zai fi maka wuya fiye da jawabin.

Allah Ya jiƙan kakanka Alu, Ya sa auren Saude a yi shi lafiya a zauna lafiya, kai kuma Ya ƙara maka karatu, Ya ɗan rage wa harshen gudu.

Gwaggo Khadijatu