Katinki Mai Lamba Ɗaya, Inna

Zuwa ga Inna, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. 'Yarki Zainabu ce daga Saint-Fons, gefen Lyon, wurin da har kika bar duniya ba ki iya faɗin sunansa ba, sai dai ki ce garin hayaƙi.

Inna, ƙara na kawo miki. Yaya Sani zai zo Paris mako mai zuwa, wani taron masana lafiya, zai yi bayanin asusun lafiyar da ya tsara wa jiharmu. Ya ce in hau jirgin ƙasa in je in zauna a sahun gaba. Ke kuma ba abin da kika fi nanata mini irin, "Duk rintsi ki riƙe yayanki." Wallahi yanzu ban san ta ina zan riƙe shi ba.

Tun yana karatu a Saint-Denis, gefen Paris, ina zaune wurinsa kafin in sami aiki, ba shi da zance sai wannan. Tuwo na hucewa, shi yana zana mini taswira da cokali. Wai gyaran inshorar ƙasa baki ɗaya jan ƙafa ake ta yi, ma'aikatan gwamnati ne ke cin moriya, mai ƙosai ba ta ciki. Gara jiha ta haɗa asusu ɗaya ta biya wa kowa. Na yarda da shi, kuma ko yau ba zan ce duk ƙarya ne ba. Matan unguwarmu sun haihu a asibiti ba a sayar da akuya ba.

Satina na farko a masana'anta sinadari ya ƙone mini hannu. Katin lafiyar da aka ba ni a Paris na miƙa a Lyon, ba wanda ya tambaye ni daga ina na fito. Da bandeji a hannu na kira Yaya, na ce katin da kake tsarawa fa, idan mutum ya tsallaka jiha? Dariya ya yi, ya ce, "Tsofaffinmu ina za su je?"

Ɗan da kika haifa ne ya faɗi haka, Inna! Ke da ba kya shekara ba ki ɗauki jakarki kin tafi wankan jego wani gari ba. 'Ya'yanki, 'ya'yan ƙannenki, har 'yar maƙwabciya da ba ta da uwa, kwana arba'in arba'in kike yi musu.

Saboda hawan jininki na yi miki wata inshora mai aiki ko'ina a ƙasar. Da ya koma gida aka damƙa masa aikin, sai ya kira ni da muryar lallashi. Wai abin kunya ne uwar mai tsarin ta riƙe katin wasu. Ya rantse mini ana daf da sa hannu a yarjejeniya da jihohin maƙwabta. Na soke inshorar. Da hannuna na soke ta, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba.

Suka ba ki kati mai lamba ɗaya, aka ɗauke ki hoto da shuɗin mayafinki. Kin kira ni kina murna kina cewa, "Katin yayanku ne, ko sarki bai riga ni ba."

Sai autarki Hadiza ta haihu a jihar maƙwabta. Kika ƙulle katin a haɓar zani kika tafi. Da safe kina juye ruwan wanka kika yanke jiki kika faɗi. Asibitin garin suka juya katin gaba da baya, suka ce ba nasu ba ne, sai an ajiye kuɗin gado. Hadiza ta yi ta kirana, wayata tana cikin akwatin ajiya, don a wurin aikinmu ba a shiga da waya.

Yaya ta samu. Bai ce ga kuɗi a kwantar da ke ba. Cewa ya yi a sako ki a mota a dawo da ke jiharmu, motar asibiti na jira a kan iyaka. Tafiyar awa huɗu, Inna, kanki a cinyar mai jego. Ba ki kai iyakar ba.

Sai bayan sadakar arba'in Hadiza ta iya gaya mini abin da ya ce a wayar: kada 'yan adawa su ji an yi jinyar uwarsa a wata jiha. Yarjejeniyar kuwa, ko takardar nemanta ba a taɓa rubutawa ba. Ya ci amanata, ya ci taki. Na yi kuka har na gaji, yanzu fushi ne ya rage.

Kin san abin da ke kan takardar gayyatar da ya aiko mini? Hotonki, da katin a hannunki, kina murmushi.

Zan je. Zan soya masa dambun nama mai yaji yadda kike yi masa, don na san bai daina ƙin cin abincin otel ba. Hadiza ta aiko mini katin, har yanzu da alamar ƙullinki a jikinsa. Zan zauna a sahun gaban da ya ce. Idan aka ba da damar tambaya, zan ɗaga katin in yi masa tambayar da na yi masa da bandeji a hannu. In ya faɗi gaskiya a gaban mutane, ni zan fara rungume shi. In ya sake yin dariya, Inna, ki yafe mini, iya riƙon da zan iya ke nan.

Takwararki, 'yar Hadiza, tana rarrafe yanzu, Ummi muke ce mata. Goshinki ta ɗauko. Yaya ya ce ba za a iya yi mata kati ba, wai a wancan gefen iyaka aka haife ta.

Allah Ya jiƙanki, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika kula da 'ya'yan mutane. Allah Ya shiryi Yaya, ni kuma Ya ba ni muryar da ba za ta yi rawa ba ranar.

'Yarki da ta soke inshorar,
Zainabu