Buhun Farko

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka. Ya ƙarin haƙuri? Mu nan da sauƙi, sai gwiwata da ke taɓa ni.

Tun rasuwar babanka ban iya leƙa gonar dankalinsa ba, kawunka ke kula da ita. Makon nan na daure na je. Ganye ya rufe ƙasa ruf, kore shar, babu baƙin ciwon ganyen nan da ke cinye mana shi kowace damina.

A bakin kunya na zauna ina tuna ranar da kuka saɓa da babanka. Ka ce masa irin da yake ajiyewa ya gaji, yana cunkushe shuka, yana watsa taki inda saiwa ba ta kaiwa. Ya ce boko ya sa ka raina shi. Ka ɗauki jakarka, shi kuma ya hana a ambace ka a gidan. Da ka zo jana'iza ko hanyar gonar ba ka kalla ba. Ban ga laifinka ba, amma abin yana ci na.

Ka gaida mai ɗakinka.

Innarka

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Shiru ba amsa, na ce ko aiki ne ya yi yawa.

Mun haƙe dankali. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin irinsa ba, manya-manya, ba ruɓa. Ɗakin ajiya ya cika, saura muka jibge a zaure. Maƙwabta na ta barka, ni kuwa hawaye.

A wajen haƙar kawunka ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ashe kafin babanka ya kwanta ciwo, shi ya aike shi ya sayo sabon iri. Da igiya babanka ya auna tazarar shuka, ya sa taki a gindi, duk yadda ka ce. Ya roƙi kawunka ya yi shiru sai an haƙe, wai da ƙafarsa zai kawo maka buhun farko, don bakinsa ba zai iya ba ka haƙuri ba.

Na ɗinke buhun da hannuna. Direban motar da ke zuwa garinku ya ce a ba shi ya kawo maka, na hana. Buhun yana ɗakin babanka, ka zo ka ɗauka.

Allah ya yi maka albarka.

Innarka