Labulen Uni Shamsinar da Karen Sutan

Lubuak Sariak,
Laraba, cikin watan Shawwal.

Zuwa ga 'yata Yusnimar, a Samarinda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikata Wirda, amaryar gobe. Allah Ya albarkaci gidan abincinku, Ya sa tukunyarku kada ta kwana da saura. Mu nan alhamdu lillahi. An yi sallah lafiya, shinkafa ta fara sunkuyar da kai a fadama, ɓaunar gidanmu ta haihu, gwiwata kuwa tana nan da halinta, ita ke gaya mini za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba. Mahaifiyarki tana raye, tana ci tana sha tana faɗa, kada gabanki ya faɗi. Na fara da wannan ne domin abin da zai biyo baya ba mai daɗi ba ne, kuma na fi so ki ji shi daga bakin Mamak ɗinki, ƙanen uwarki, kafin masu waya su kai miki shi da ƙarin gishiri.

Tun ina saurayi nake jin wata jita-jita a kan yayata Uni Shamsinar, wato mahaifiyarki. Wai tana budurwa ta taɓa cire wa wani namiji kunne da almakashi saboda ya taɓa mata ɗinki. Lokacin da aka ce abin ya faru ina can Medan ina tallar yadi, don haka ban gani ba. Na ji a shagon gahawa, na ji wurin mata masu wanki a bakin kogi, kowa da kunnen da yake cirewa. Wani ya ce na dama, wani ya ce na hagu, wani ma ya haɗa har da hanci. Amma ba wanda ya taɓa kama sunan mai kunnen. Na tambayi marigayiya Amak, tsohuwarmu, ta ce in tashi in duba ɓauna. Sai na ƙaryata zancen, domin Unin da na sani bakinta ne kawai ke da kaifi, ko kaza ba ta iya riƙewa a yanka. Yau ga ni da furfura ina gaya miki gani ya kori ji.

Kin san sandar gorar nan da ke bayan ƙofar ɗakinta. Duk ɗinkin da ta fara, mayafi ne ko rigar matashi ko shimfiɗar jariri, sai ta yanki siririn ƙyalle daga jikinsa ta rataye a sandar. In ta gama layi guda ta ƙulla masa ƙulli. Ran da aikin ya kammala ta sauke ƙyallen, ta ɗinke shi a jikin babban labulen nan na bango, tabia, wanda ake ratayawa ranar biki. Ta haka take sanin inda ta kwana a kowane aiki, ko da ya shekara a kwando. Ba sayarwa take ba, ba kuma wanda ya sa ta. Ƙyallen tabia shi ne mafi tsufa a sandar, Amak ce ta rataye shi da hannunta, ƙulle-ƙullensa sun yi baƙi don tsufa. A jikin labulen akwai zanen auren Amak, akwai mayafin da ta je Makka da shi, akwai rigarki ta farko ta makaranta, har da wandona na kaciya, abin da ban gode ba. Tun da kika aiko cewa a gida za a ɗaura auren Wirda bayan girbi, Uni ta rantse a wannan biki za ta sauke ƙyallen Amak daga sanda. Layi kaɗan ya rage. Kuma kin san ɗabi'arta, in za ta ajiye aiki sai ta juya bayansa waje don kada rana ta cinye launi. Wanda bai sani ba, in ya ga zare na reto da bakin ƙyallaye a tsattsage, sai ya rantse tsumma ne.

To, ranar Lahadin wancan makon aladen daji ya sauko gonar rogo da ke bayan gari, mafarauta suka fita da karnuka. Mijin ƙanwarki Elidar, Sutan Pamenan, kin san shi da karensa Balang. Kare na shan ƙwai da zuma, 'ya'yansa na cin shinkafa da gishiri. Aladen nan tsoho ne, haurensa kamar lauje. Da karnuka suka ritsa shi a gindin gora, Balang ne ya fara kai cafka, aladen ya sunkuya ya ɗaga shi sama, ya farke shi tun daga haƙarƙari har cinya. Sutan ya sunkuci karensa, hanji na zuba yana mayarwa da hannu, ya rugo gida yana kuka kamar wanda uwarsa ta mutu. A lokacin Uni ba ta gida, ta tafi gaisuwar mara lafiya. Ya haura matakala, ya ga kwando a bakin ƙofa, ya zari abin da ya ɗauka tsumma ne ya naɗe kare. Elidar tana tsaye tana kallo, ba ta hana shi ba. Karen bai kai azahar ba. Shi kuwa Sutan, don girmama mamaci, sai ya ce da mayafin za a binne shi.

Uni ta dawo ta tarar da kwando wayam, ƙyalle na reto a sanda ba aikinsa. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Ta bi ɗigon jini har bayan rumbu, ni kuma na bi ta da sandata ina ɗingishi. Muka iske mafarauta sun yi da'ira, an fara tura ƙasa. A gaban mutanen nan duka ta kira surukinta, ba da laƙabinsa na magidanta Sutan ba, da sunan da uwarsa ke kiransa yana yawo ba wando, Ujang. Ke kin san a garin nan gara ka mari magidanci da ka kira shi da sunan yarinta. Ta tambaye shi wai ubansa ne a ramin da har ya samu likkafani mai launi. Ya ce tsumma ne fa, in don wannan ne ranar kasuwa zai sayo mata bandir guda daga Bukittinggi. Ta ce in ya je ya tambayo mata rumfar da ake sayar da zanen auren uwarta.

Kafin in buɗe baki tsohuwar nan ta diro cikin rami. Ta kama gefen labule ta fizga, gawar kare ta mirgino waje da kayan cikinta, sauran karnuka suka haukace suna neman tsinke igiya. Sutan ya cafki ɗaya gefen. Ta ja, ya ja, sai muka ji ƙyat, aikin mata biyu ya rabe tun daga sama har tsakiya. A nan na ga fuskar da ban taɓa gani ba. Almakashin nan da ke rataye a ƙugunta, ban ga lokacin da ya zo hannunta ba. Kunnensa ta nufa, na rantse miki. Allah Ya sa ya kauce, bakin almakashi ya shiga kafaɗa, ta ja shi ƙasa ta tsarge rigar farautarsa har ƙugu, ta haɗa da fata. Jini ya wanke masa baya. Ya juyo ya hankaɗe ta da hannu biyu, ta faɗa kan dutsen da aka tono daga ramin, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Ni ma ban san sandata tana da sauran aiki ba sai da na ga haƙorin Sutan a ƙasa.

Daga nan sai wuri ya yamutse. Dangin Sutan da ke cikin mafarauta suka zare adduna, samarin gidanmu suka fito da fartanya, mata da taɓarya. An fasa kan mutum biyu, wani kare ya kuɓuce ya kama Elidar a ƙwauri, ni kuma wani ɗan albarka ya zaunar da ni cikin ramin kare, ban san ko na wane ɓangare ba ne. Da an yi kisa ranar nan, ba don Angku Jamaan ba, sarkin farauta, tsohon nan da kullum hularsa ke jaye har wuya ko ana zafin da kwakwa ke fashewa. Ya shiga tsakiya da ƙotar mashi yana dukan na dama da na hagu ba zaɓe, yana cewa alade na can daji yana musu dariya. Da ƙura ta lafa ya dubi bayan Sutan, ya ce masa ya je ya yi sadaka, ya samu da sauƙi. A lokacin ban gane nufinsa ba.

Washegari aka zauna, mu da dattawan gidan su Sutan. Kin san maganarmu, miji a gidan matarsa toka ce a kan kututture, iska kaɗan ta ishe shi. Kalma ɗaya zan faɗa a matsayina na Mamak ya kwashi karnukansa ya koma gidan uwarsa, kuma kalmar tana kan harshena. Elidar na kuka, yara na kuka. Sai Uni ta sa aka fito da ita, hannu a ɗaure cikin tsinken gora. Ta ce ba ta yarda a kore shi ba, korarre hutawa yake. Ta ce ranar kasuwa, lokacin da mata suka cika bakin kogi, ya wanke labulen da hannunsa sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar yadda ake wanke najasar kare. Rigar farautar kuma ta zama tata, da ita za a cike inda aka yanke, don jikokinsa su riƙa nunawa suna tambaya. Ya wanke kuwa, da bayansa a ɗinke da bakinsa a kumbure, mata na ba shi shawara ta kowane gefe, wata na cewa Sutan ga wuri can ka bari, wata na tambayarsa ko yana karɓar wankau.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Labulen ya tsarkaka amma ya raunata. Tsagar tana nan, kuma wajen zanen Amak jini ya ci, sai an yanke kusan rabi. Mai ɗori ya ce tsintsiyar hannun Uni ta karye wuri biyu, ba za ta riƙe allura ba kafin girbi, ni kuma a idonsa na karanta cewa wataƙila har abada. Na kawo shawarar a kai wa tela, ta dube ni kamar ni na binne karen. Tabia ta gidan nan hannun 'yar gida kaɗai ke taɓa ta. Elidar ko maɓalli ta ɗinka sai ya gudu, kuma uwarku ba ta gama huce mata ba. Saura ke. Ke ce kika zauna a gabanta kina zura mata zare tun ba ki kai sandar tsawo ba. Ta ce in bangon gidan nan zai tsaya tsirara ranar auren Wirda, to a ɗaura a Samarinda, ita ba za ta fito ba. Kullum tana zaune tana kallon ƙyallen Amak, jiya na same ta tana ƙoƙarin ƙulla shi da haƙori da hannun hagu, alhali ba layin da aka gama. Ta hana ni in ce tana kiranki. To ban ce ba. Ni ne nake kiranki. Ki bar wa maigidanki tukwane ki taho tun shinkafa ba ta nuna ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle karyayye. Ki zo da ƙyalle daga rigarki da ta Wirda, ramin da ke jikin labulen ya fi rigar Sutan faɗi.

Ki gai da maigidanki Sutan Marajo, ki ce masa na san zai yi ƙunƙuni, ya yi. Ki gai da Wirda, ki ce mata kakarta ta zubar da jini don bangon bikinta, kada ta kawo mana miji mai kare. Elidar na gaishe ki tana ɗingishi, Etek Rosmaniar, gwaggon nan ta maƙwabta, na gaishe ki, ita ce ta fasa kai ɗaya daga cikin biyun. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki,
Mamak Bustami.

Af, na bar ki da zancen kunne a rataye. Ranar wankin, labulen ya yi wa Sutan nauyi a ruwa, sai wani tsoho ya naɗe wando ya shiga ya riƙe masa gefe. Da suka fito ya yafito ni, ya nuna mini wani ɗan baƙin ƙyalle a kusurwar da ta fi tsufa, wanda na sha gani ban taɓa tambaya ba. Ya ce ɗaurin kansa ne na samartaka. Wai ya zo wucewa ya ga ɗinkin wata budurwa a shanye, ya yagi gefe don ya ɗaure wa karensa ƙafa, almakashi ya tafi da ɗaurin kan da abin da ke ƙarƙashinsa. Sannan ya cire hula ya matse ruwa, na ga na hagu ne, kuma rabi ne ba duka ba. Shi ne na ƙarshe da ya ba ni labarin, kuma ba ni da bakin ƙaryata shi: Angku Jamaan, mai kunnen.