Fulawar Auta tana mutuwa a hannunmu

Assalamu alaikum ƴata, ƴar albarka.

Ina fatan saƙon nan ya same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aiki, ya hidimar gida? Allah ya tsare min ku, ya raya min jikokina, ya sa albarka a nemanku. Mu nan alhamdulillahi, sai ƙafar nan tawa da take taɓa ni in na daɗe a tsaye. Gwaggonki ta zo ta kwana biyu ta koma. Matar yayanki kuma ciki ya tsufa, haihuwa ko yau ko gobe, ki sa ta a addu'a. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da wayar nan, in na danna ɗaya biyu ke fitowa. Na so in kira ki, amma na san ina buɗe baki kuka zai riga maganar fita.

Maganar fulawar Auta ce. Wadda take ɗakinta, a kan katakon da babanku ya kafa mata a saman taga, mai yaɗon nan mai ganye kore da ɗigon rawaya. Kin san yadda ƙanwarki ta lallaɓa ta, tun tana ɗan guntun reshe har ta bi ƙarfen labule ta zagaya bango ta sauko kan madubi. Tun da Allah ya karɓi Auta mun bayar da kayanta, har takalma. Fulawar nan ce kaɗai abu mai rai da ta bar mana. To ƴata, tana mutuwa. Ganyen ya koma rawaya, ya yi laushi, kullum sai na share wanda ya zube. Gindin ya yi baƙi. Ƙasar tana wari kamar kwata, ga wasu ƙananan ƙudaje suna tashi in ka taɓa tukunyar.

Kuma wallahi na bi abin da kika ce min. Kin ce in tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa, in na ji ta bushe in zuba ruwa, in da danshi in ƙyale. To ni yatsana bai taɓa fitowa a bushe ba. Rabona da zuba mata ruwa har na manta, amma kullum farantin da ke ƙarƙashin tukunyar a cike yake. In zubar da safe, da yamma in tarar ya cika. Na zaci yoyo ne daga bene, har na hau na yi wa matar sama maganar da ban so ba, na ce ruwan wankinta yana sauko mana. Na kira mai gyaran famfo, ya hau kujera ya shafa silin, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce shi dai bai ga ko ɗigo ba, sai dai in aljanu ne suke min ban ruwa. Ya yi dariyarsa, ni ko murmushi ban iya ba.

Sai ranar da na tafi kasuwa na manta jakata, na dawo daga bakin titi. Da rana tsaka ne, lokacin da ya kamata a ce babanku yana shago yana fama da katako. Na ga takalminsa a ƙofa, na ga ɗakin Auta a buɗe. Mutumin da tun rasuwar ko sunanta bai ambata ba, in zai wuce ɗakin ma kawar da kai yake. Na leƙa. Yana tsaye a kan kujera, garin katako duk a rigarsa, da kofin roba shuɗin nan nata na asibiti a hannunsa. Yana zuba ruwa a tukunyar a hankali, yana cewa ta sha, ta sha ta ƙoshi, yau babu mai hana ta. Ya sauko ya sake cika kofin. Na ja baya, na fita ba tare da jakar ba, na zauna a matakala ina kuka har matar sama ta sauko ta riƙe ni, ita da na zarga.

Akwai abin da ban faɗa miki ba, saboda kina nesa ga goyo. Da ciwon ƙodar Auta ya yi tsanani, likita ya ƙayyade ruwan da za ta sha, ɗan kaɗan ne, ko jariri ba zai ishe shi ba. Ni na kasa, in ta kalle ni sai in fita. Babanku ne ya riƙe kofin. Leɓenta duk ya tsage, tana roƙonsa ko kurɓi ɗaya, tana ce masa ai shi bai taɓa hana ta komai ba. Shi kuma ya ce ta yi haƙuri, in ta warke zai ba ta har ta ce ya isa. Sai ya jiƙa auduga ya goga mata a baki. Haka ta tafi da ƙishirwarta.

Na ɗauki ganye guda na kai wa mai sayar da fulawa na bakin titi. Ya murza, ya sunsuna, ya ce ruwa ne ya yi mata yawa, saiwar ta fara ruɓewa. Ya ce irin wannan ta fi jure ƙishi a kan jiƙa, in ba a daina ba kwananta ya ƙare. Da na dawo na ɗan zagaya, na ce wa babanku an ce fulawar ba ta son ruwa da yawa. Ya ajiye cokali, ya kalle ni, ya ce su masu faɗar haka sun taɓa jin ƙishirwa? Ya tashi ya bar abincin. To ki faɗa min, da wane baki zan ce masa shi yake kashe ta? In na yi shiru ta mutu. In na yi magana, ban san abin da zai rage min na mutumin nan ba.

Mai fulawar ya ce akwai dabara. A yanko reshe mai lafiya a ƙasan gaɓa, a tsoma a kwalbar ruwa kusa da taga, wai shi a ruwa zai yi saiwa, ruwa ba ya yi masa yawa. Jiya na ɗauki almakashi, ina ji kamar jikin Auta zan yanka, na yanko ɗaya daga wanda ya sauko kan madubi. Babanku ya ga wurin yankan. Ita uwar fulawar ban sani ba ko za ta tashi, reshen ma babu alamar saiwa tukuna, na duba har idona ya gaji.

Don girman Allah ki kira shi, yau ba gobe ba, ke yana jin maganarki. Kar ki nuna na gan shi, kar ki ce ya daina komai. Ki ce masa kawai reshen cikin kwalba yana son sabon ruwa kullum, ni mantuwa ta yi min yawa, shi kike so ya riƙa ba shi. Tukunyar kuma ya bar min. Ko ƙarya ce ki ƙara a kai, ni zan ɗauki alhakin.

Ki gaishe min da maigidanki da kyau, da surukarki, da ƴar takwarata da mai sunan babanku, ki ce kaka tana kewarsu. Yayanki da matarsa suna gaishe ki. Allah ya jiƙan Auta, ya shayar da ita. Wayar tana hannuna, ba zan ajiye ba sai na ji tasa ta yi ƙara.

Taki,
Mama