Mai Ihu a Bayan Tanki

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwa, ya Inna?

Ba zan ɓoye maka ba, tsohuwar ma'aikatarku ta tace ruwan teku tana cikin wani hali. Manaja ya ce in wutar lantarkin da muke sha ba ta ragu ba kafin ƙarshen wata, za a rufe, unguwa ta koma jiran tankar ruwa. Na wanke matatu, na sauya biyu, amma babban famfon da ke matsa ruwan gishiri cikinsu zuƙar wuta yake yi ba ji ba gani. Ni dai na ce masa ba a hannuna za a rufe ba.

Jiya na ga wani ɗan inji bayan tanki na biyu, an lulluɓe shi da buhu, bawul ɗinsa, wato mabuɗin ruwansa, ɗaure da waya. Ba wanda ya san labarinsa. Kai ka tsufa a ɗakin injinan nan, me ke nan?

A gaida gida.
'Yarka, Injiniya

Injiniya 'yata,

Lafiya lau muke, gwiwa ce dai ta ƙi jin magani.

Kai, yarinyar nan, kin tono ni! Ni na ɗaure shi. Ruwan da bai ratsa matata ba, mai gishiri ninki, da ƙarfinsa yake fitowa. Aikin ɗan injin shi ne ya karɓe ƙarfin nan ya tura sabon ruwa, famfo ya samu sauƙi. Amma ihu gare shi! Ran da aka kunna shi na ɗauka ya lalace ne, na rufe, na ga ruwa bai tsaya ba, sai na ja bakina. Daga baya na gane haka muryarsa take, kunya ta hana ni faɗa. Shekara tara ke nan, wallahi abin yana cina.

Kwance wayar. Ki buɗe a hankali kina sassauta famfo. Lafiyarsa ƙalau, a ɓoye nake duba shi har na bar aiki. In Manaja ya tambaya, ki faɗi sunana.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

Kawu,

Barka da hutawa. Na buɗe ran Talata. Ihu kam akwai shi, duk mun toshe kunne da auduga. Wutar ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, Manaja ya yage takardar rufewa a gabana.

Ya tambayi wa ya ɗaure bawul. Na ce wannan ban gani da idona ba, amma na san wanda ya ce a kwance. Yanzu takardar yabo zai ba ka gaban ma'aikata, ran Litinin. Zan zo in ɗauke ka, sai ka san yadda za ka yi da fuskarka.

Na gaishe ku.
'Yarka