Ɗakin Jegon 'Yata Yana Nutsewa

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya gina lambatu a layinmu na Anguwan Rogo, Jos.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni tela ne, kuma sai da furfura ta fara fito mini na shiga makarantar yamma ta manya na koyi boko. Saboda haka da hannuna na rubuta wannan wasiƙa, ba wanda ya tsara mini. Na kai ta jarida ne domin na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinka.

Bari in fara da abin farin ciki, don ka san wanda kuka ɓata wa rai. Allah ya ba ni jika, namiji, na farko. Uwarsa ita ce 'yata ta fari, wadda ko sunanta ba na kamawa, kuma ta daɗe a ɗakin miji kafin Allah ya dube ta. Ranar da aka yi mini albishir na bar ɗinkin mutane a kan keke na fita titi ba hula. Har sunana aka sa wa yaron. To, a cikin wannan murna nake rubuto maka da ɗacin rai.

Na farko. Bara, gab da damina, katafilarku ta haƙa ramin lambatu a jikin katangar gidana, har harsashin ginin ya fito fili ana ganin duwatsunsa. Kowa a layin ya san ƙasarmu ciko ce, tsohon ramin kuza ne da aka cike tun zamanin iyayenmu, ba ta son a taɓa ta. Sai ma'aikatanku suka kwashe kayansu suka koma wani layi, suka bar ramin a buɗe. Ruwan damina duka a nan ya kwana yana jiƙa ƙarƙashin gidana, sai daga baya suka dawo suka gina lambatun. Kafin kaka kusurwar ɗakin da ke kallon titi ta zauna. Bango ya tsage daga taga har ƙasa, ina zura hannu a ciki, ƙofa kuma ta daina rufuwa sai an ɗaga ta da kafaɗa.

Na biyu, kuma wannan ya fi ci mini rai. Da na yi ta sintiri, aka turo foman ɗinku. Ya leƙa, ya bubbuga bangon da makullin motarsa, ya ce, "Baba, ba wahala, wannan ƙaramin aiki ne." Washegari suka zo da siminti suka cusa a tsagar, suka shafe da filasta, suka zuba sabon daɓe mai kauri a kan tsohon don ƙasan ɗakin ya daidaita a ido, suka bi da fenti. Ko cebur ɗaya ba su haƙa a gindin bangon ba. Wato ɗakin da ke nutsewa suka ƙara wa nauyi. Foman ya ɗauki hoto ya ce oga zai gani. Ina kyautata zaton wannan hoton ne ya sa duk lokacin da na zo ake ce mini ai an gama da maganata.

Ranka ya daɗe, ɗakin nan ba kowane ɗaki ba ne. A al'adarmu haihuwar fari a gidan iyaye ake yin jegonta. Yarinya ta dawo gaban uwarta, a dafa ruwa safe da yamma a yi mata wanka da ganye, a dama mata kunun kanwa, har ta yi arba'in ta koma ɗakinta da ƙarfinta. Tun da aka ce mana ciki ya tsaya nake tara itacen wannan wanka, manyan gumagumai, domin ka san sanyin garin nan. Mai ɗakina ta sa aka ɗinka labule, ta sayi sabuwar tukunya.

Ana saura kaɗan a haihu, mai ɗakina ta shiga wanke ɗakin. Ta watsa ruwa a sabon daɓen, sai ruwan ya gangara gaba ɗaya zuwa waccan kusurwa ya shige ƙasa, muna tsaye muna kallo. Na ɗaga ido, tsagar ta dawo ta cikin fentinku, ta fi da faɗi. Ta ajiye tsintsiya ta ce mini, "Malam, wallahi ba zan kwantar da jinjiri a ƙarƙashin wannan bangon ba." Sauran ɗakunan biyu cike suke da yara da kayan sana'a.

Haka 'yata ta wuce daga asibiti zuwa gidan hayar mijinta a Laranto. Uwarta, da shekarunta, kullum tana kan acaɓa da asuba za ta je yi wa 'yarta wanka a tsakar gidan mutane, a layin banɗaki ɗaya da 'yan haya. Surukaina mutanen kirki ne. Amma ranar suna wata tsohuwa a danginsu ta tambaya da ƙarfi ko iyayen mai jegon ba su da gida ne. Na ji da kunnena, ina riƙe da takwarana.

Na uku, abin da nake roƙo. Na kira birkila ya duba, ya ce gyaran ba ɓoyayye ba ne: a fasa daɓen da kuka ɗora, a tokare bangon, a haƙa ƙarƙashin harsashin gaɓa-gaɓa har a taras da ƙasa mai tauri, a zuba kankare da rodi, kowace gaɓa ta bushe kafin a taɓa ta gaba, sannan a daidaita ƙasan ɗakin. A kuma toshe inda lambatunku ke yoyo a gindin katangata. Ba ni da ƙarfin wannan aiki, kuma ba ni na jawo shi ba. Ba sadaka nake nema ba. Ku turo masu haƙa, kada ku sake turo mini mai fenti. Kuma ka zo da kanka ka gani, kada ka tsaya a hoto.

Hadari ya fara haɗuwa, arba'in kuma tana ƙaratowa. Ko kwanakin ƙarshe ne, ina so 'yata ta yi su a gidan ubanta, yaron nan ya kwana a ƙarƙashin rufina.

Idan ka zo ba za ka sha wuyar gane gidan ba. Shi ne wanda aka tokare bangonsa da gumaguman itace ta waje. Itacen wankan jegon ne. Ka zo ka cire mini su in sa su a murhu.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare maka gidanka, ya nuna maka jikokinka a cikin ɗakinka.

Wassalam.

Malam Sabo Tela,
Anguwan Rogo, Jos.